Zuwa ga Gwaggo Hajara, Wadda Ta Fasa Mana Taga

Assalamu alaikum, Gwaggo. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ƙanwar ubanta, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin rahamarsa. Akwai maganar da na riƙe miki tun kina raye, yau zan sauke ta.

Kin tuna shekarar farin nan da na koma gida Hamdara goyon ciki? Gero ya ƙone tun yana ƙarami, maigidana ya tafi Kano ci-rani, muna dafa tafasa muna cewa mun ci tuwo. A haka na haifi ɗana na fari, ke kika yanke cibiya, sannan aka kira ki wata haihuwa a Zermu.

Ɗakin da aka sa ni, Gwaggo, ko da rana tsaka sai da lalube. Inna ta liƙe 'yar tagar da laka, ta saki tabarma a ƙofa, wai kada iska ko bakin mutane ya taɓa jinjiri kafin suna. Kananzir kuwa babu. Man gyaɗan da za a zuba a fitila, miya ta fi fitila buƙatarsa.

Ni kuma ga kunyar ɗan fari. In an miƙo mini shi, sai in kau da kai bango in ba shi nono, kada a ce ba ni da ta ido. Yana ta barci, ba ya kuka, ba ya tsotso sosai. Masu barka suna cewa, kai, wannan yaro akwai haƙuri! Ni ma har daɗi nake ji.

Kwana huɗu kika dawo. Kina shiga kika yi tuntuɓe da ƙwarya, kika hau faɗa. Abin da kika saba faɗa shi kika faɗa: “Ungozoma da ido take aiki, ba da lalube ba.” Kika ɗauko taɓarya kika rotse lakar tagar nan. Inna tana salati, ni ina cewa a raina, wannan tsohuwa ta fiye neman magana. Ki yafe mini, wallahi na zage ki a zuci.

Hasken hantsi ya faɗo a kan gadon. Kika kwance zanen, kika danna goshinsa da yatsa, kika buɗe idonsa. Sannan kika kamo haɓata kika juyo da fuskata da ƙarfi, har sai da na ji zafi. Ranar na fara ganin ɗana. Rawaya ne shar, tun daga ido har tafin ƙafa. Shawara ce ta ci jikinsa, mu muna yabon haƙuri.

Dattawa suka ce ba a fita da jinjiri kafin suna. Kika ce, “Sai mai rai ake raɗa wa suna.” Kika goya shi da kanki, kika tsayar da kamiyo, babbar motar da ta sauke hatsin taimako, muka hau baya har Damagaram. A gidan likita suka rufe masa ido, suka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila, suna ɗura masa nonon da nake tatsa da cokali. Sajfam, ungozomar gidan likita, ta ce da mun ƙara kwana, ko ya rayu ba zai ji ba, ba zai zauna ba. Ragon suna babu, da dabino aka yi addu'a a bakin ɗakin.

Gwaggona, shekara goma sha ɗaya kika ƙara a duniya, ban taɓa buɗe baki na ce na gode ba. Yaya zan gode a kan ɗan fari? Sai a ce na damu da shi. To, na damu! Na damu ƙwarai a waɗancan kwanakin, kin kuma sani, shi ya sa ba ki taɓa neman godiyar ba.

Yanzu furfura ta fara fito masa. Kullum “wancan” nake ce masa, ko “yaron nan”. Amma ke kin biya kuɗin jin sunansa daga bakina: Mahamadu yana nan lafiya, yana ji, yana gani, 'ya'yansa shida. Na gode, Gwaggo.

Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka miki shi, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Zuwaira, daga Birni, Damagaram