Takardar Mijina Tana Ƙasan Akwatina

Gaisuwa gare ki Anti mai wannan shafi, da duk masu karantawa, Musulminku da Kiristanku. Don Allah ki ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canja su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina. In ma kun zage ni ban tabbata zan ji ba, don wata biyar ke nan ba na jin komai, ko daɗi ko zafi. Ina cin abinci, ina zuwa coci, ina amsa gaisuwa, amma kamar wata ce take yi ni ina gefe ina kallonta.

A Kamazou muke zaune. Mijina, zan kira shi Baban Rahila, ya yi shekara takwas yana ɗan majalisar jiha. Mutane suna ganin matar Honorabul su ce ta huta, ni kuwa abin da na sani a siyasa shi ne tukunya. Kafin in share tsakar gida an cika ƙofa, kowa da matsalarsa, kowa da yunwarsa. Ba jana'izar da za a yi ba shi, ba ɗaurin aure, ba taron godiya a coci. A wata jana'izar ma ya faɗi, yana riƙe da makirufo yana yi wa mutane ta'aziyya. Hawan jini. Kwana tara muka yi a asibiti, bakinsa ya ɗan karkace, likita ya ce in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba. A kan gadon nan ya riƙe hannuna ya ce, "Maman Rahila, in wannan zangon ya ƙare na gama. Gonar citta zan koma." Na yarda da shi, don mutumin da ake ba ruwa da cokali ba ya kama da mai ƙarya.

Zangon ya ƙare, kujerar ta koma wata gunduma bisa tsarinsu na karɓa-karɓa, na samu miji na wata uku. Sai ya ce wai jama'a sun matsa masa ya fito takarar ciyaman na ƙaramar hukuma. Wace jama'a? Mutum bakwai ne, ni na dafa musu shinkafa. Na tuna masa alkawarinsa ya yi dariya, ya ce, "Haba Madam, ciyaman ai a gida ne, ba nisa." Na ce masa maƙabarta ma ba nisa. Kwana biyu bai yi mini magana ba, a na uku aka kawo fastocin kamfe masu hotonsa.

Yana da ƙane, Yohanna, mutum ne babba mai 'ya'ya huɗu a Trikania. Tun da masaƙar da yake aiki ta rufe shi yake tuƙa yayansa, shi yake riƙe masa takardu, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Matarmu". Ana gobe za a tantance 'yan takara a ofishin jam'iyya, Yohanna ya baje takardun a teburin falo da la'asar, yana nuna wa yayansa ɗaya bayan ɗaya yana sakawa a jaka. Da ya zo kan takardar gama sakandare ya ɗaga ta ya ce, "Wannan ce uwarsu, sun ce ba fotokofi, sai orijinal." Ina wucewa da tire na ji. Ya sa jakar a but ɗin mota, ya tafi da motar gidansa kamar kullum.

Da safe ya dawo, ya rataye makulli a ƙusar kicin, ya zauna shan kunu. Na ɗauki makullin don in sa musu kular abinci a but. Wa yake lura da mace mai ɗauke da kula? Na buɗe jakar, na zare takardar, na cusa ta cikin zanena ta ƙugu. Da na dawo Baban Rahila ya ce, "Madam, yi mana addu'a." Muka riƙe hannu mu uku, ni na roƙa musu nasara, suka ce amin, takardar tana gugar cikina.

Ni a tunanina za su ce takardunsa ba su cika ba, su cire shi shiru, ya yi fushi na sati ɗaya ya tafi gonarsa. Abin da ban sani ba, don ya ɓoye mini kada in damu, shi ne an riga an rubuta ƙorafi cewa takardarsa ta jabu ce. Shi ya sa suka ce sai orijinal. A gaban kwamiti ya buɗe jaka, babu. Suka ba shi zuwa ƙarfe huɗu. Suka dawo gida a guje, aka juya ɗakuna, kuma ku ji abin kunyar: da ni aka yi neman. Na ɗaga katifa, na zazzage durowa, Yohanna yana zufa yana cewa, "Yaya, da hannuna na sa, kai ma ka gani." Me ya hana ni in jefar da ita bayan kujera in ce ga ta? Awa biyu nake da ita. Na kalli jijiyar wuyan mijina tana harbawa, na ce a raina gara ya rasa kujera da in rasa shi. Na yi shiru har huɗu ta buga.

Washegari gari ya ɗauka, wai shekara takwas da jabun takarda ya yi majalisa. Mutumin da ya yi karatunsa da fitilar ƙwai, yana tafiya makaranta a ƙasa. Ya ce zai je a ba shi wata shaidar, sai ya fasa, ya ce ko ya kawo cewa za a yi saye ya yi. Yanzu ƙofarmu ba kowa. A coci da kansa ya bar kujerar gaba ya koma ta baya. Gonar cittar ma bai je ba, zama yake a baranda yana kallon get.

Laifin kuwa a kan Yohanna ya sauka, tunda a gidansa jakar ta kwana, kuma wani ya tuna ya taɓa ganinsa yana gaisawa da abokin hamayyarsu a wajen biki. Shi ke nan, an ce ya sayar da yayansa. Baban Rahila ya karɓe makullin mota a hannunsa ya ce, "Kada ka sake taka mini gida." Yanzu Keke Napep ɗin wani yake ja daga Sabo zuwa Kakuri. Watan jiya muka je asibiti, likita ya auna jinin mijina ya ce ya sauka, ya ce, "Madam, sannu da ƙoƙari, kina kula da shi." Na ce na gode. Abin da nake so ke nan, ko? Na samu. To me ya sa ko murmushi na kasa yi?

Ga abin da ya sa na rubuto. Babban kawunsu ya kira taron iyali a ƙauye ranar Asabar. A gidansu in magana ta kai haka Baibul ake ajewa a tsakiya, duk wanda zai yi magana ya ɗora hannu, wanda aka samu da cin amanar ɗan'uwa kuma ba a sake zama da shi, ko a biki ko a makoki. Ranar Lahadin da ta wuce Yohanna ya tare ni a bakin coci, ya rame, ya cire hula ya ce, "Matarmu, ke kin san ni. Ke kaɗai yake jin maganarki, don Allah ki tsaya mini." Na ce to. Da na isa gida mijina ya ce, "Za ki ba da shaida cewa kin ga an sa takardar a jaka, kuma ba wanda ya taɓa motar nan sai shi." Na ce to. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Duk duniya ke kaɗai ce ba ki ci amanata ba." Na tashi na ɗora ruwan tuwo.

Takardar tana nan a ƙasan akwatina, ƙarƙashin tsohon zanen zumuntar matan coci, ko lanƙwasa ba ta yi sosai ba. In na fito da ita sunan mijina ya wanku, Yohanna ya koma cikin 'yan'uwansa, amma ban san ko zuciyar da na yi duk wannan don in tsare za ta iya ɗaukar jin cewa ni ce ba. In na yi shiru, zan ɗora hannu a kan Baibul in kashe mutumin da yake kirana Matarmu da ransa. Na so in yi kuka ko zan ji sauƙi, hawayen sun ƙi zuwa.

Yau Laraba. Na riga na goge kayan da zan sa ranar Asabar, jakata ce kawai ban rufe ba. Jama'a, me zan yi?