Na gano kuskure a rahoton ƙanin da aka ɗora a kaina, yau kwana tara na yi shiru

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, Hausawan New York ba mu da yawa, ana faɗin unguwa an gane mutum. Don Allah ku ba ni shawara, abin da ke cina ba na iya faɗa wa kowa ido da ido.

Ni injiniya ne, shekarata takwas a wani kamfani a Queens da ke ƙera kanula, wato 'yar robar nan da ake saka wa majiyyaci a jijiya idan za a yi masa ƙarin ruwa. Inji ne yake haɗa ta, ya saka ta a 'yar jakar takarda ya liƙe, aikina shi ne in tabbatar layin, wato jerin injinan da ke wannan aiki, yana tafiya daidai, zafi da matsi da gudu, don idan liƙin ya buɗe ko kaɗan ƙwayar cuta ta samu hanya ke nan. Shekara uku da suka wuce na haɗu da wani ɗan Damagaram a masallaci a Harlem, bari in kira shi Mamman. Ya gama digiri na biyu amma yana tsaron shagon surukinsa a 125th Street, yana sayar da turare da hula. Ni na gyara masa takardun neman aiki, ni na kai sunansa wajen manajarmu, kuma har yau a motata muke tafiya aiki daga Highbridge. Yaya yake ce mini, bai taɓa kiran sunana ba.

Bara da zafi liƙin ya dinga ba mu matsala, kyamarar layin tana ta ware kaya tana zubarwa, aka canza wannan aka canza wancan a banza. Ni na lura cewa abin ya fi muni ranar da aka ɗauko naɗin takarda daga sito aka ɗora wa inji kai tsaye, takardar ta sha laima. Maganin kawai a bar ta ta kwana a ɗakin aiki kafin a yi amfani da ita. A mota na faɗa wa Mamman, da Hausa, muna cikin cunkoso a kan gada. Ya ce, “Yaya, ka buɗe fom ɗin canji mana, wannan ai babbar magana ce.” Na ce kai dai rubuta, duk ɗaya ne. A raina yadda muka saba a gida nake nufi, babba ya faɗa ƙarami ya rubuta, kowa ya san maganar wa ce. Na manta a kamfanin nan wanda ya buɗe fom shi ne mai magana, abin da ba a rubuce yake ba kuwa bai faru ba.

Gyaran ya yi aiki. Tsakani da Allah Mamman ya faɗa a mitin cewa ni na fara ganin abin, manaja ta yi murmushi ta ce yana da kirki, shi ke nan aka wuce wurin. Ni kuma na sunkuyar da kai wai yabon kai jahilci. Da aka kawo sabon layi a bana, shi aka ba riƙon shugabancinsa, za a tabbatar masa idan rahoton gwajin layin ya tsallake. Ni da na koya masa yadda ake saka rigar ɗakin aiki, yanzu shi yake turo mini jadawali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yi masa murna da baki, na ma sayi tsire muka ci, amma wallahi ban ji daɗin naman ba. Duk safiya idan ya shigo mota yana amsa wayar manaja, ji nake kamar in sauke shi ya bi jirgin ƙasa.

Matata ce ta fara ganewa. Ta ce tunda aka ƙara wa Mamman girma ko sunansa aka ambata sai na canza fuska, na ce ƙarya take mini, zalunci ne nake ƙi. Ta ce to wa ya zalunce ni, ai yaron ya ce in rubuta na ƙi, girman kai ne ya hana ni cika fom, yanzu kuma hassada ta zo ta same shi a ɗaki. Na yi mata faɗa sosai, na kwana biyu ba na cin abincinta, har ta daina zancen. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san ba ta yi ƙarya ba.

To ga inda matsalar take. Ƙa'idarmu, wanda ya rubuta rahoto ba shi yake duba shi ba, sai wani injiniya ya bi layi layi ya sa hannu, kuma ni aka ba na Mamman. Tsarin gwajin ya ce a yi sau uku da takarda kaya uku daban daban, kowane kaya da lambarsa. Da na bi lambobin sai na ga gwaji na biyu da na uku duk kaya ɗaya ne. Ba ha'inci ba ne, na san shi, gaggawa ce kawai. Kuma ba a fitar da ko kanula ɗaya daga layin ba tukuna, babu majiyyacin da ke cikin haɗari, ni ma ba zan taɓa sa hannu a kansa haka ba. Amma jama'a, lokacin da idona ya faɗa kan lambar nan daɗi na ji. Daɗi na gaske, har na tashi na haɗa shayi.

Idan na faɗa masa mu biyu, zai kai rahoton kuskuren da kansa, ya sake gwaji ɗaya cikin 'yan kwanaki, a ce ma yana da lura. Idan na bari sai mitin ɗin Litinin na ɗaga hannu gaban manaja da shugabar sashen duba ingancin kaya, za a ce bai isa riƙe layi ba, kuma ni ne na gaba. Duka biyun ƙa'ida ta yarda da su, babu wanda zai kama ni da laifi. Kwana tara ke nan ina ɗauko shi da safe ina mayar da shi da yamma, yana tambayata ko na fara duba rahoton, ina ce masa aiki ya yi mini yawa.

Jiya bayan la'asar ya kira ni, matarsa ta sauka lafiya, namiji. Yana dariya ya ce, “Yaya, an yi masa huɗuba da sunanka, ran Asabar sai ka zo ka ɗauki takwaranka. Ni a ƙasar nan ba ni da wa sai kai.” Na ce Allah ya raya, na kashe wayar na zauna a mota a bakin gida na kasa fita.

Na san da yawanku za ku ce in faɗa masa kawai. Amma kwamfutar kamfani tana rubuta ranar da kowa ya buɗe rahoto, kuma a matsayinsa na shugaban layi zai iya dubawa ya gani. Zai gane tun ranar farko na karanta, kuma zai gane abin da nake jira. Shin in nuna masa kuskuren kawai in yi kamar yau na gani, in bar shi ya gano ƙaryata da kansa? Ko in zaunar da shi in faɗa masa gaskiya, cewa yayan da ya yi wa takwara ya kwana tara yana haƙa masa rami? Kuma kafin Asabar zan faɗa ko bayanta? Don ban san da wace fuska zan miƙa hannu a ba ni yaron nan ba.