Hannun da Natana Ya Ɗaga

Dogon Dutsi

Zuwa ga Yayana Ambroise,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Tanti Colette da yara, da duk 'yan Arewa da ke tare da ku a Abijan. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya kiyaye fitarka da shigarka, ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce ya dawo. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da ta yarda ta daina ɗebo ruwa da kanta, sai dai ba ta daina faɗa da mai ɗebowar ba. An gama sa gero a rumbu, bana ba laifi, waken gonar Ɗan Kassari ne dai tsutsa ta taɓa. Ƙanwarmu Jacqueline ta koma lakwal, wato makarantarta, a Doso, ni kuma ina nan bisa keken ɗinkina kamar yadda ka bar ni.

Yaya, na zaɓi in rubuta in turo maka hoton takardar ta waya, don na san halina. In na ji muryarka daga tsakiya zan fara, in zagi mijina, in yi kuka, layi ya yanke ba ka fahimci komai ba. Maganar autanmu Nathanaël ce, Natana namu. Na san bidiyon ya iso gare ka, don babu wayar da bai shiga ba, amma bidiyon hannu kawai yake nunawa. Yadda aka yi har hannun ya tashi, shi nake so ka ji daga bakina, kafin ka ji daga bakin 'yan fada.

Tun ran da aka ce kulob ɗin nan na Yamai ya ɗauki Natana, kuma shi zai tsare gida a wasan buɗe kakar bana, Dutsi ba ta da wata hira. Mutanen da ba su taɓa gaishe da Inna ba suka zama kawunnansa. Fadar su mijina Joël, majalisar shayin nan ta bakin tasha, ta koma ƙungiyar magoya baya, shi kuma ya naɗa kansa shugaba ba wanda ya zaɓe shi. Ni ce na ɗinka musu riguna, kowace da sunan Natana a baya, har idona ya yi ja. Da a nan aka tsaya da babu komai. Sai Joël ya kawo wata dabara: wai ɗan Zakariya ba zai shiga fili karon farko babu makaɗi ba, tun da Baba bai taɓa shiga filin kokowa ba sai da ganga a bayansa. Ya hau babur har Tibiri ya lallaɓo Baba Is'haƙa, makaɗin Baba, wanda ka san bai sake buga taken nan ba tun ranar jana'iza. Na ce wa Joël ƙwallo ba kokowa ba ce, ya ce mata ba su san wasa ba. Na ce to a gaya wa yaron tukuna, ya ce a'a, so suke ya ji abin bagatatan, daɗinsa ya fi. Suka cika mota har da na zaune bisa kaya, suka nufi Yamai suna waƙa.

Mu da muka rage a tele muka kalla, a rumfar Abdu mai shayi. Ni da ban taɓa zama cikin maza kallon ƙwallo ba, ranar na zauna. Yaya, ƙanenka ya yi wasa. Ya tare wata da kowa ya riga ya ɗora hannu a ka, ya sake tare wata da ƙafa, har Abdu ya kifar da butar shayi don murna. Ana gab da tashi babu wanda ya ci wani, sai alƙali ya busa laifi can wajen tsakiyar fili, nesa da gida. 'Yan wasa suka taru suna gardama, wasa ya ɗan tsaya. To ka san yadda ake yi a kokowa, in an ɗan dakata ana shan iska, lokacin ne makaɗi ke kiran gwaninsa. Joël ya ga an tsaya, ya taɓa kafaɗar tsoho ya ce yanzu ne. Suna zaune daidai bayan raga. Baba Is'haƙa ya saki taken Baba.

Ko ta cikin tele na ji shi. Natana ya tsaya cak, ya juya gaba ɗaya ya ba fili baya, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana girgiza shi. Wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya hango, bai jira kowa ba ya auno daga inda yake. Ƙwallo ta faɗi ta yi tsalle ta gangara cikin raga, Natana yana tsaye da hannu a sama. Ɗaya da nema aka tashi. Ni dai ban san lokacin da na kai gida ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Magoya bayan kulob na can Yamai suka yi wa mutanenmu ruwan ledojin ruwa da takalma, sai da 'yan sanda suka raka su har mota. Kafin su iso Dutsi an riga an yanka bidiyon an sa masa kiɗan biki, an raɗa wa yaron suna Gola Mai Gaisuwa. A rediyo masu kira suna ta cewa a mayar da shi ƙauye ya ci gaba da gaishe da dangi, wani ma cewa ya yi saye aka yi, ai hannun alama ce ya ba abokan karawa. Na Yamai ban damu da su sosai ba, ba su san Baba ba, ba su san take ba. Na gida su ne suka ba ni haushi. Fadar bakin tasha ta rabu biyu, wasu na cewa laifin tsoho ne, wasu na cewa laifin yaro ne, har sun daina shan shayi a buta ɗaya. Mutumin da ko ƙwallon tsumma bai taɓa tarewa ba, yanzu shi ke tsayawa gaban shagona yana nuna mini yadda gola ke ajiye ƙafa. Wata tsohuwa ta tare ni a kasuwa ta rantse aljanar nan doguwa ce ta murɗe masa wuya, in kai mata rigarsa a yi abin da ya kamata. Yaran unguwa kuwa in sun gan ni sai su juya mini baya su ɗaga hannu.

Sannan ga masu riguna. Waɗanda suka cika mini shago suna rantsuwa da Natana za a binne su, su ne suke dawowa ɗaya bayan ɗaya, wai in kwance musu sunan, rigar dai tana da kyau. Na ce keken nawa ɗinki ya iya, bai iya kwancewa ba, wanda ya matsu ya sa haƙori. Wasu sun ɗauka sun tafi suna gunaguni, wasu sun bar tasu, suna nan tare a kusurwa. Joël kuwa da ya dawo ko abinci bai iya ci ba, na fara tausaya masa. Da bakinsa ya buɗe sai na ji yana cewa laifin alƙali ne da bai sake busa usur ba. Na fice na bar masa ɗakin, Yaya, don in na tanka sai maƙwabta sun shigo. Har yau dai tuwonsa a rufe nake ajiye masa in bar wurin.

Duk wannan surutu ne, zai wuce. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Natana kansa. Ya kashe waya, da ya buɗe kuma saƙo ɗaya ya turo mini, in gaya wa Joël ya gode, shi da ƙwallo sun rabu. Na kira har na gaji. Rashid, wanda suke ɗaki ɗaya, shi ya gaya mini ba ya fita, bai sake taka filin horo ba, safar hannun ma ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Mai horar da su ya yi faɗa kamar zai ci mutum, amma bai kore shi ba. Abin da ya ce shi ne, in Natana bai bayyana wurin horo kafin wasan Lahadi mai zuwa ba, zai ba wani gidan, kuma ba zai aika nemansa ba. Ka fi kowa sanin abin da aka sha kafin a kai nan. Kai ka saya masa safar farko, kai ka tsaya gaban Inna ran da ta ce ko ƙwallo ko lakwal. Yanzu duk zai zube saboda 'yan fada sun ga damar yin biki.

Mun so mu ɓoye wa Inna bidiyon, muka ce mata an dai ci su, haka wasa yake. Habsatu maƙwabciyarmu ce ta shigo jaje da waya a hannu, kafin in fito daga madafa ta riga ta kunna. Na tsaya ina jiran kuka ko faɗa. Inna ta kalla, ta ce a mayar. Ta sake kallo, ta ce a mayar. Daga nan ta ce a tsayar mata daidai inda hannun ya kai sama, ta kawo wayar kusa da ido ta daɗe tana dubawa. Ƙwallon da ta shiga ko tambayarta ba ta yi ba. Sai da na duba tare da ita na ga abin da take gani: yadda ya karkata kafaɗa, yadda ya lanƙwasa wuyan hannu, Baba ne sak. Yaron da yake bisa wuyanka ranar jana'iza, wanda muke cewa bai san Baba ba sai a hoto, ashe jikinsa ya riƙe.

Muna cikin haka sai ga Baba Is'haƙa ya sauka daga kabu-kabu, ganga naɗe cikin buhu. Ya tsufa ƙwarai, Yaya, kuma abin nan ya ƙara masa. A Tibiri ma ba su bar shi ba, samari sun je har ƙofar gidansa suna kwaikwayon kiɗan da gwangwani. Ya ƙi tabarma, ya durƙusa ƙasa ya tura gangar gaban Inna, ya ce shi ya kashe wa yaro wasa, ta sa wuƙa ta farke fatar, shi ya gama. Inna ta tura masa ita da ƙafarta mai ciwon nan, ta ce, “Ɗauki gangakka, Is'haƙa. Kai kak kira, ɗan Zakariya ya amsa. Da bai amsa ba, shi ne abin kuka.” Tsoho ya rufe fuska da hula, ni kuma na koma madafa.

Kada ka ɗauka na huce. Ƙwallo dai ta shiga, an ci su a gida ranar farko, kuma har gobe ina cewa wauta ce a kai ganga bayan raga. Ina jin haushin Joël, ina jin haushin garin nan da ke ɗaga mutum da safe ya yar da shi kafin la'asar, ina jin haushin Natana da ya kashe mini waya kamar ni na buga. Amma haushina ba zai fitar da shi daga ɗakin nan ba. Kai kaɗai ne in ya ga sunanka ba ya iya ƙin ɗauka. In wayarsa a kashe take, ka bi ta Rashid, lambarsa na nan ƙasan takarda. Kada ka yi masa faɗa, ya sha isasshe, kada kuma ka lallashe shi, ka san ba ya so.

Ka gaishe mini da Tanti Colette, ka ce zanen da ta aiko ya iso, ya yi wa Inna kyau. Ka gaishe da yara, ka ce wa Bushira ina nan da alkawarin rigarta. Ka gaishe da Malam Salman mai gidanku da iyalinsa. Jacqueline tana gaishe ka, Habsatu da Abdu ma haka, Baba Is'haƙa ya ce in ce maka ka yafe masa. Joël ma wai yana gaisuwa, na rubuta don kada a ce na hana.

Saƙon Inna na bari ƙarshe don kada ya ɓace maka cikin surutuna. Na ce ta bari in tura wa Natana da kaina, ta ce a'a, da muryarka take so ya ji, kuma kada ka ƙara kada ka rage. Ga shi yadda ta faɗa: “Ka ce mai hannun ya ɗaga daidai, na ubanai ne. Amma Zakariya bai taɓa juya wuya ba. Hannu sama, ido ga abokin karawa. Shi koma hili shi gyara wannan.”

Rigunan nan suna kusurwar shago da sunansa a jiki, ko zare ɗaya ban cire ba. Ka kira shi yau, Yaya, kada ka bari sai gobe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Delphine