Jan Biron Baba a Kan Gilashi

Malam mai fili, don Allah ka taimake ni da shawara, tun kafin ni da yayana mu daina gaisawa a kan abin da ya kamata a ce murnarsa kawai muke yi.

Bari in fara da mai daɗin. Mahaifinmu ya samu ganinsa. Shekara uku yanar ido ta rufe masa gani, sai wata biyu da suka wuce aka yi masa aiki, ido ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka cire bandeji na ƙarshe, Mama ya fara ƙura wa ido, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ashe ta tsufa ba wanda ya gaya masa. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce shi ma ya nemi madubi. A hanyar komawa gida babu allon shagon da muka wuce bai karanta da ƙarfi ba, har ya sa Yaya ya tsayar da mota don ya nuna mana inda mai fenti ya yi kuskure a allon wani kemis.

Ba laifinsa ba ne, aikinsa ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a maɗaba'a yana duba kurakurai kafin a buga littafi. Baba bai iya karatu hannu sake ba. Sai da jan biro a dama, rula a ƙarƙashin layin da yake kai, ya lashi yatsa ya juya shafi. Littattafan gidanmu duk sun sha ja, har takardar cikin kwalin magani. Wasiƙun da nake rubuto masa daga makarantar kwana, da su yake zuwa ziyara, an yi musu ado.

Likita ya ce ya koma karatunsa, amma ƙananan haruffa suna gajiyar da shi, littattafansa kuwa rubutunsu kamar sawun tururuwa. Mu uku ne, Yaya, ni, sai Auta da take aure nesa da mu. Muka yi shawara mu saya masa na'urar da ake ƙara wa rubutu girma. Yaya ya ce tablet. Ni na ce na'urar karanta littattafai, irin wadda fuskarta take kama da takarda. Daga nan aka ja layi.

Yaya ya kawo tasa aka gwada. Baba ya zauna a baranda da hantsi, inda ya saba, rana ta daki gilashin, bai ga komai ba sai fuskarsa. Ya ce madubin da Mama ta rubuta masa ke nan aka kawo. Aka koma falo. A can kam rubutu ya fito raɗau, baƙi ƙirin a kan fari tas, Baba har yana gyaɗa kai. Sai ya lashi yatsa ya shafa gilashi, littafi ya tsallake shafi uku. Kafin mu gama gyara wannan, ya ɗora rular ƙarfe, ya zaro jan biro daga aljihu, ya zagaye wata kalma a kan gilashin. Malam, ban taɓa jin Yaya ya yi irin wannan ƙarar ba. Allah ya taimaka akwai ledar kariya a kai. Mama kuwa fita ta yi don dariya ta ci ƙarfinta.

Ana cikin goge jan, Auta ta kira ta bidiyo. 'Yarta shekararta biyu, Baba bai taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai ya sani. Ta cika gilashin da kumatunta tana miƙo masa cokali. Baba ya cire tabarau ya mayar. Tun ranar Yaya yake cewa magana ta ƙare, kuma ni kaina na san yana da hujja.

Ni ma na aro na'urar karatu wurin abokiyar aikina. A baranda Baba ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan kam takarda ce aka sa wa batir. Ba nauyi, rana ba ta dame ta ba. Amma ƙarama ce, in an ƙara girman rubutu layi bakwai ne a shafi, ba launi, ba jika, kuma babu inda zai yi rubutu. Ya riƙe biro a sama kamar mai neman inda zai ajiye kofi mai zafi. Shafi biyu ya karanta ya miƙo mini.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara ukun nan ni nake yi masa karatu. Kullum na tashi daga aiki sai in biya, in zauna a kujerar roba kusa da shi, awa ɗaya. Idonsa a rufe, biro a hannu. In jimla ta gurgunce sai ya ƙwanƙwasa hannun kujera, in tsaya, ya gyara, in rubuta masa a gefen shafi. Muna yara Baba na maɗaba'a ne, ba namu ba. Yaya na fari ne, Auta auta ce, ni kuwa a tsakiya na girma ba wanda ya lura. A wannan awar na san mahaifina, shi ma ya san ni. Tun da aka yi aikin ban karanta masa ko layi ɗaya ba. Ina zuwa, mu gaisa, in rasa inda zan sa hannuna.

Makon jiya Yaya ya gaji ya ce to a sayi tawa. Malam, sai na ji bakina yana cewa a dakata tukuna. A nan na gane ba na'urar nake zaɓe ba, ja mata rai nake yi. Wallahi ina murna da idonsa, murnar da ban taɓa yin irinta ba. To wacce za mu saya? Kuma ni muguwa ce?

Taka,
Ta Tsakiya

Ta Tsakiya, barka da arziki. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar masa hasken nan.

Tambayarki ta biyu ba ta da wuya, amma bari mu fara da ta farko. Na yi shekaru ina miƙa rubutuna ga mutane irin Babanku yana dawo mini jina-jina, don haka na ɗan san abin da hannunsa yake nema.

Bambancin na'urorin biyu daga haske yake farawa. Tablet fitila ce a bayan gilashi, hasken daga ciki yake fitowa zuwa ido. Shi ya sa ta yi kyau a falo ta zama madubi a baranda. Na'urar karatu kuwa da hasken wurin take aiki kamar takarda, rana tana ƙara mata kyau, in wuri ya yi duhu tana da ɗan haske mai laushi da ake kunnawa. Kada ki ɗora wa tablet laifin da ba nata ba: ban san wata hujja da ta nuna tana lalata ido ba, kuma tsofaffi da yawa sun fi ganin rubutunta saboda baƙinta ya fi baƙi, farinta ya fi fari. Abin da masu dogon karatu suke kuka da shi gajiya ce da bushewar ido. Ku tambayi likitan da ya yi aikin, shi ya ga cikin idon, ni ban gani ba.

Wajen abin da kowacce ta iya, tablet ta yi nisa: launi, bidiyo, jaridu, hotuna, ga jika da cokalinta. Sai dai tana son caji kusan kullum, ta fi nauyi a hannu, kuma saƙo yakan faɗo wa mutum a tsakiyar jimla. Na'urar karatu abu ɗaya ta iya, tana ɗan jinkiri wajen juya shafi, amma caji ɗaya yakan kai makonni, kuma ba ta katse wa mai karatu hanzari.

Kuskurenku ɗaya ne, ke da Yaya. Kun gwada masa ƙaramar na'urar karatu, alhali akwai manya masu faɗin littafin makaranta, waɗanda suke zuwa da alƙalaminsu. Irin wannan ce ta Baba: ta baranda, mai ɗaukar manyan haruffa ba tare da shafi ya ƙare a layi bakwai ba, kuma ana rubutu a kanta. Kafin ku ɗauka, ku kai shi shagon da kansa. Ku tabbatar alƙalamin yana rubutu a kan irin littattafan da zai karanta, domin wasu na'urorin a gefe kawai suke yarda a yi rubutu. In akwai mai maɓallin juya shafi, ta fi dacewa da mai lasar yatsa. Akwai masu launi, jansu ya ɗan koɗe kamar na tsohuwar jarida, ku nuna masa ya yanke hukunci. Rular ƙarfe ta yi ritaya, a samo ta roba. Jan biro kuma ya koma kan takarda.

Yaya bai sha kaye ba. Hujjarsa ta jika gaskiya ce, amma kiran bidiyo na minti goma ne, karatun Baba na awanni ne. Wayar Mama ta isa ganin kumatu, ranar hutu kuma Yaya ya zo da tablet ɗinsa a ga yarinya da girma. Ki gaya masa haka, ki haɗa da ban haƙurin yawon da kika yi da hankalinsa.

Yanzu ke. Ba muguwa ba ce. Kin samu uba a makare, kina tsoron na'ura ta karɓe shi. Amma akwai abin da ba ki sani ba game da aikinsa. A tsofaffin maɗaba'u ba mutum ɗaya yake duba rubutu ba, biyu ne a tebur. Ɗaya yana riƙe da asalin rubutun yana karantawa da ƙarfi, ɗayan yana bin sabon bugu da ido, biro a hannu. Ina kyautata zaton haka Babanku ya yi yawancin shekarunsa, da muryar wani a kunnensa. Abin da kuka yi shekara uku rabin teburin ne, akwai murya babu ido. Yanzu ido ya dawo, sai kuma murya ta ɗauke ƙafa. Kin taɓa tunanin ko shi ma ya rasa yadda zai tambaye ki?

Kada ki jira na'ura. Gobe in kin tashi daga aiki, ki ja kujerar roba inda take, ki buɗe littafin da kuka tsaya, ki ci gaba daga layin da kuka bari. Ranar da na'urar ta iso, ki sa masa wannan littafin a ciki, ke da takarda, shi da gilashi, ki karanta ya bi.

Ki tafi masa da wannan shafin ma. Na duba shi sau uku, amma na san zai samu abin zagayewa. Allah ya bar ku tare, ya sa ku ƙarar da littattafai masu yawa.