Ranar da Na Kira Lung Boonmee Ɓarawo

Chiang Rai, 4 ga Agusta

Yayata Maxine,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon baya, yaya mai gida Dennis da jikoki? Ina fata zafin Dayton bai gasa ku ba.

Wasiƙarki ta iso da tarin labaran da kika yanko daga jarida: an yi wa Bature fashi a Pattaya, an damfari wani a Bangkok. Na karanta duka, na kuma nannaɗe mangwaro da su. Maxine, shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a Dayton, sau biyu ana nuna min bindiga. A nan shekarata uku, abin da aka taɓa ɗauke min takalmi ne ƙafa ɗaya, shi ma karen haikali ne ya ɗauka.

Ki bar ni in yi godiyata. Bayan rasuwar matata Joyce na ɗauka tawa ta ƙare, lungun nan mai gida tara ne ya sake tsayar da ni da ƙafafuna. Mai gidan da nake haya, Pa Lamduan, kowane Oktoba take sabunta min yarjejeniya, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ƙaninta Lung Boonmee, tsohon kafinta, shi ne maƙwabcina. Pa goggo ke nan a bakinsu, Lung kuma kawu, kowa haka yake kiransu. Ba ya jin Turanci, ni kuma abin da na iya a yarensu na Thai bai wuce kalma ashirin ba, amma yakan shigo ba sallama ya gyara min famfo, ya rataya min ayaba a ƙofa ya tafi.

Masu ɓata min rai 'yan uwana ne Amurkawa. Mu shida muke shan kofi a shagon wata mata mai suna Noi, duk tsofaffi, mun tsallako rabin duniya don kawai mu zagi juna a kan zaɓe. Na san wanda za ki zaɓa, kin san nawa. Ƙuri'ata za ta kashe taki kamar kullum, sai mu huta.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Vernon

Dayton, 19 ga Agusta

Vernon,

Muna lafiya, bayan yana nan yadda ka san shi. Dennis yana gaishe ka.

Mangwaro ka nannaɗe da su? Sannu, gwani. Tun kana ɗan shekara biyar kake da wannan bakin. Mutumin da ke shiga gidanka ba sallama kallon kayanka yake yi, ka rubuta ka ajiye. Murmushi ba shaida ba ne, wanda ya sayar wa Dennis ruɓaɓɓiyar mota ma da murmushi ya zo.

Ba na cewa nan aljanna ce. An fasa wa maƙwabciyata gilashin mota da rana tsaka, man goge baki ma sai da makulli ake ba ka a kanti. 'Yan jam'iyyarka ne suka jawo mana wannan, kai kuma ka gudu ka bar mu da shi, kana zaɓe ta gidan waya kana shan rake. Dennis da mijin 'yarmu wata bakwai ba sa magana saboda allon jam'iyyar da aka kafa a ƙofar gida. Ni ce a tsakiya da tukunya.

Ga na'urar ɗaukar hoto a cikin kwalin nan. Ka kafa ta a ƙofa, za ta nuna maka duk mai shiga a wayarka. Kada ka yi min gardama, ni na goya ka.

Ubangiji ya tsare min kai.
Maxine

Chiang Rai, 16 ga Satumba

Yayata,

Ina gaishe ku duka. Ki zauna kafin ki karanta, na yi abin kunya.

Na kafa na'urar don ki bar ni in sarara. Ranar Talata ana ta ruwa, wani abokina ya ɗauke ni a mota zuwa shagon Noi, na bar babur ɗina a tsakar gida. Muka shiga musun zaɓe, wani tsohon soja ya ce min maci amanar ƙasa, na ce masa abin da ba zan rubuta miki ba. Jinina na tafasa wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga Lung Boonmee yana tura babur ɗina waje, yana waige-waige.

Ban tsaya tunani ba. Maganarki ce ta faɗo min a rai, da duk labaran da na ce ban damu da su ba. Na tari tasi, muka hango shi a bakin haikali cikin jama'a, har da sufaye uku. Cikin kalmomina ashirin akwai ta ɓarawo. Na nuna shi da yatsa, na ƙwala masa ita sau uku, iya ƙarfin muryar direban bas.

Wurin ya yi tsit. Ya haɗa tafukansa a ƙirji, ya matsa gefe. A bayansa na ga babur ɗina a harabar haikali, jere da baburan lungu kusan talatin, an rufa masa leda. Ashe tun safe mai unguwa ke shela a lasifika cewa kogi zai cika, kowa ya kai abin hawansa tudu. Ni da ba na jin yaren na ɗauka tallan wani biki ne. Waigen da yake yi, ruwa yake dubawa. Kafin yamma ruwan ya kai gwiwa a tsakar gidana.

Washegari na same shi shi kaɗai, na ba shi hannu irin namu, na ce ya yi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Na ce to, an wuce wurin. Ashe ba a wuce ba. Kowa na min murmushi, ba mai tsayawa. Jiya Pa Lamduan ta zo da fara'arta, ta ce wataƙila 'yar ɗan uwanta za ta buƙaci gidan a Oktoba. A nan ba a cewa mutum ya tashi, haka ake faɗa.

Maxine, ba gidan katako nake tsoron rasawa ba. Ban san inda zan sake samun mutane ba a shekara sittin da tara.

Naki,
Vernon

Dayton, 27 ga Satumba

Vernon ƙanena,

Na karanta sau biyu. Da farko na ce ka tattaro ka dawo, ɗakin baya yana nan. Dennis ya ce ka nemi lauya. Na ce masa lauyan me, alhali kai ka yi zagin?

Na'urar tawa ce, maganar ma tawa ce, ban musa ba. Amma bakin naka ne. Ni dai abin da ya tsaya min a wuya shi ne ledar. Mutum yana tsere wa ruwa, ya tsaya rufa wa babur ɗin wani leda. A layinmu da an ga ruwa na zuwa, kowa garejinsa zai rufe, mu ma haka.

Kar ka dawo. Ina son ganinka, amma na ga yadda kake kafin ka tafi, kana zaune gaban talabijin kana faɗa da mutanen da ba sa jin ka. Ka tambayi matar nan mai kofi yadda suke ba da haƙuri, ka yi shi yadda suke yi, ba yadda ka ga dama ba. In an ce ka tsaya da ka, ka tsaya. Kuma ka cire wannan na'urar ka jefa a kogi.

Har yanzu ba zan zaɓi mutuminka ba.

Yayarka,
Maxine

Chiang Rai, 9 ga Oktoba

Yayata Maxine,

Gaisuwa da godiya. Na bi maganarki.

Noi ta yi min wankin babban bargo. Ta ce, "Kawu Vernon, kai a gaban haikali ka zubar masa da mutunci, sai ka lallaɓa ta bayan gida da hannu ɗaya a miƙe? Ba komai da ya ce maka, tarbiyya ce, ba yafiya ba. Kai ko kaza ka taka sai ka fi haka ladabi!" Na ce to me zan yi? Ta ce inda aka zubar, nan ake kwashewa.

Ta haɗa min faranti da furanni da kyandir da turaren tsinke, ta koya min ban haƙuri layi biyu da yarensu, kwana huɗu ina haddacewa kamar ɗan firamare. Ranar ibada, bayan sufaye sun gama cin abinci kuma jama'a ba su watse ba, na cire takalmi na shiga. Dokar ita ce kaina ya fi na Lung Boonmee ƙasa, shi kuma yana zaune a tabarma. Kin san gwiwata ta hagu. Na durƙusa, ta yi ƙarar da na tabbata an ji a bakin titi. Na rarrafa na miƙa farantin da hannu biyu, na faɗi layina. Noi ta ce rabi na faɗa daidai. Ban san lokacin da hawaye suka zo ba, ni da ko a jana'izar Joyce na daure.

Lung Boonmee ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya karɓa, ya yi wata doguwar addu'a, ya ɗaura min farin zaren sa albarka a wuyan hannu. Tashi kuwa ya gagara. Sai da shi da wani suka kama ni ta hammata, wata tsohuwa ta ce a kawo keken ɗaukar buhu, wuri ya ɓarke da dariya. Ban taɓa jin daɗin a yi min dariya irin na ranar ba.

Pa Lamduan tana wurin, ba ta yi dariya ba. Saura kwana ashirin da biyu yarjejeniya ta ƙare. Na fara neman kwalaye. Ko na tashi, na gode da aka bar ni na durƙusa.

Ƙaninki,
Vernon

Chiang Rai, 20 ga Oktoba

Maxine,

Ina gaisuwa. Na zauna. Pa Lamduan ta kawo takardar haya da safe, ta shekara biyu.

Na yi mata godiya na ce farantin ne ya cece ni. Ta sa Noi ta fassara min, ta ce farantin na jama'a ne, don su iya ci gaba da gaishe ni. Gidan kuwa, ƙaninta ne ya roƙa. Tun washegarin zagin yake zuwa wurinta kullum, tana korarsa yana dawowa. Ta ce masa, "Mutumin da ya kira ka ɓarawo a gaban sufaye?" Ya ce mata, "Yaya, kin kalli idonsa? Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ba a korar tsoho mai jin tsoro."

Shekara uku ina rubuta miki cewa ba na tsoron komai a nan, kuma ni kaina na yarda. Mutumin da ba mu da yare ɗaya ya riga ni sani.

Ki gaida Dennis.

Naki har kullum,
Vernon