Sabuwar Kwalta da Ɗakin Malam

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Ya ƙarin haƙurinmu?

An yi wa layinmu na Dutsen Kura kwalta. Ba su kankare tsohuwar ba, a kanta suka zuba sabuwa, har titi ya fi ƙofarmu tudu. Ruwan Talata ya shiga ɗakin marigayi Malam, ya jiƙa littattafansa, bango ya tsage. Na tari shugaban aikin, ya ce, "Mama, kwata ba ta cikin kasafin bana, sai baɗi." Na ce, "Bangon zai jira baɗi?"

Da maigidana na raye, da tuni ya fita da shebur. Yanzu ni ke kwarfe ruwa da kwano.

Ku taya ni addu'a kada ɗakinsa ya faɗi. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi