Ƙwan da Kika Yi wa Kwalli

Zuwa ga Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da yake na san ba amsawa za ki yi ba, kuma na san sarai takardar nan ba za ta iso hannunki ba. Ko kina raye ma ai ba karantawa za ki yi ba. Miƙo mini za ki yi ki ce in karanta da ƙarfi, kina tsintar shinkafa kina gyara mini magana. To yanzu ba mai gyara mini. Kin ga kuma na rubuta sunanki a sama ɓaro-ɓaro. Tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa kiran sa a gabanki ba. Kafin a haifi Larai "ke" nake ce miki, da aka haife ta na bi 'yan unguwa ina cewa Dada Larai, wato uwar Larai da Fulatanci. Yau da na zo rubuta shi sai da na ajiye alƙalamin na sake ɗauka, ni da nake kayar da bijimi a abatuwa, mayankar gari, ko gezau.

Gida lafiya, in dai wannan ita ce lafiya. 'Yan'uwanki sun koma Mora, sun bugo sun ce sun isa. Larai ta koma Lagdo wajen mijinta. Ta yi ta kuka wai in bi ta in zauna da su, na ce mata mahauci ba ya tsufa a kan bandar kifi, ta yi dariya tana share hanci. Zafin Garuwa ya sauka da ƙarfinsa, kogi ya ja baya, duk rairayi ne a ƙarƙashin gada. Na koma teburina a kasuwa. Mutane suna saye, suna yi mini gaisuwa, ina amsawa. Sadakarki ta arba'in ta kusa.

Amma ba don in ba ki labarin zafi na zauna ba. Maganar kajinki ce, kuma ki yi haƙuri, ba mai daɗi ba ce.

Saura guda ɗaya, Hajara. Da kika rasu baƙi suka cika gida, na Mora, na Lagdo, har da waɗanda ban san daga ina suke ba. Za ki ce gidan mahauci ne, me ya kai mutane ga kaji? Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan daga baya. A lokacin ba na cikin hayyacina, ban leƙa abatuwa ba, aka riƙa miƙo mini kaza ina yankawa ban ko duba wace ce ba. Jan zakaranki ma ya tafi. Wake-wake ce kaɗai ta tsira, don tana kwanci, kuma ba wanda zai ɗaga kaza daga kan ƙwai ya sa mata wuƙa. Ita ce ta rage daga jinin kazar nan da Innarki ta ba ki a Mora, wadda kika riƙo a cinya a cikin mota har ta yi wa jandarma, ɗan sandan kan hanya, kashi a takalmi. Kin tuna yadda kika ɓoye fuska a mayafi kina dariya, ni ina ta ba shi haƙuri da guntun Faransancina?

Kin tuna safiyar da zan kai ki lopital, asibitin nan? Mai moto yana kan babur ɗinsa a ƙofar gida yana ta danna oda, ni ina tsaye da jakarki, ke kuwa kin durƙusa a lungun madafa gaban kasko, hannu ɗaya dafe da ciki. Wake-wake ta fara kwanci, kika ce ba inda za ki sai kin zuba mata ƙwai. Ɗaya bayan ɗaya kika riƙa ɗaga su wajen hasken da ke shigowa ta ɓular kwano. Mai tsawo da yawa kika ajiye gefe, mai siririn ɓawo kika ajiye, wanda ya kwana biyu a zafi kika ce na suya ne. Wanda ya yi datti ba ki wanke shi ba, kika goge da busasshen tsumma, don kullum kina cewa ruwa yana kashe ƙwan kwanci. Sannan kika ɗauko tandun kwallinki, kika jiƙa tsinke da miyau, kika yi wa kowanne alamarki, zagaye da ɗigo a tsakiya, don in wata kaza ta zo ta saka nata a kaskon a gane sabo a cire. Ina ta faɗa ina cewa mutum yana ciwo yana yi wa ƙwai kwalliya. Ba ki ko ɗago kai ba. Kika ce in kula kada kowa ya taɓa kaskon, kafin su ƙyanƙyashe kin dawo.

An taɓa shi. Ranar da aka kai ki makwanci, mata suka nemi wurin kafa manyan tukwane, wata ta ɗauki kaskon ta kai shi bayan katanga, a fili, cikin rana tsaka. Ba mugunta ba ce, ba ta sani ba. Kazar ta yi ta zagaya lungun tana kuka tsakanin ƙafafun mutane, kowa yana korar ta. Ni ina waje a kan tabarma ina karɓar gaisuwa. Sai wajen la'asar ƙawarki Marta, mai sayar da ƙwan zabi, ta shigo ta lura. Daga baya ta ce da ta taɓa ƙwan sai da ta janye hannu don zafi. Ta mayar da kaskon wurinsa, kazar ta haye ta baje fikafikai kamar ba abin da ya faru, ita kuma Marta ba ta gaya mini ba a ranar.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in tsuguna in kasa kunne ko zan ji kukan tsaki. Shiru. Da abin ya yi tsawo Marta ta zo ta zaro guda, ta kaɗa shi a kunnenta, ta miƙo mini. Ruwa ne kawai yake motsi a ciki. Ta sa shi a ƙwarya da ruwa, ya taso sama. A nan ta ba ni labarin ranar makokin, ta ce duk baragurbi ne, rana ta dafa su, a kwashe a zubar tun kazar tana da sauran ƙarfi. Na karɓi ƙwan, na goge shi da rigata, na mayar ƙarƙashin kazar.

Kin san me ya sa? Ke ba ki yi makaranta ba, ba ki bar mini ko layi ɗaya na rubutu ba. Tufafinki an rabar. Kwanoninki Larai ta tafi da su. Hotonki na katin shaida kuwa, kin ɗaure fuska kamar an kama ki da laifi, ba ke ba ce. Wannan zagaye da ɗigon shi ne abu na ƙarshe da hannunki ya yi a gidan nan, ina tsaye ina yi miki faɗa. Ta yaya zan kwashe shi in watsa a bola? Kuma muddin kazar tana kwance a lungun, sai in ji kamar maganar da kika yi ba ta ƙare ba. Ai cewa kika yi kafin su ƙyanƙyashe kin dawo, kuma ba su ƙyanƙyashe ba.

Kazar kuwa tana ta ƙarewa. Ba ta sauka sai an ɗaga ta. In na zuba mata dusa sai ta yi tsattsaga biyu ta ruga ta koma. Zankonta ya koɗe, ƙuma ta cika mata ido. Ni mahauci ne, hannuna ba ya yi mini ƙarya a kan nama. Da na shafa ƙirjinta ƙashi na ji, tsaye kamar bayan wuƙa. Shekaranjiya guda ya fashe a ƙarƙashinta, wari ya cika gida har maƙwabta suka leƙo. Marta ta shigo ba ko sallama, ta wanke ni tas. Kin san bakinta. Ta ce ni da kazar duk ɗaya muke, ta kawo mini tuwo ta dawo ta tarar da shi yadda ta ajiye. Ta ce Dada Larai ba za ta taɓa barin kaza mai rai ta mutu a kan ruɓaɓɓen ƙwai ba, kuma ni ma na sani. Na ce ta fita mini daga gida. Wallahi na faɗa, matar da ta yi jinyarki. Ta fita tana kuka, da yamma kuma sai ga tuwo ta aiko.

Bari in gaya miki wani abu da ban taɓa gaya miki ba. Duk tsiyar da nake yi miki a kan kajin nan, cewa sun ɓata mini tabarma, cewa ni da nake kawo miki tsoka me za ki yi da ƙwai, duk baki ne. Da safe in na zauna a bakin ƙofa ina wasa wuƙaƙe, kin zaci wuƙaƙen ne suke cin wannan lokacin? Tun da dare suke da kaifi. Ke nake saurare kina watsa tsaba kina yi musu magana, kina yi wa wannan faɗa don haɗama, kina lallashin waccan, kina haɗawa da Fulatanci in sun ba ki haushi. Ban taɓa jin abin da ya kai wannan daɗi a kunnena ba. Me ya hana ni faɗa? Me zai ragu a jikina in na faɗa?

Yau da safe na yi abin da ya kamata. Na dawo daga masallaci na tarar ta kwantar da kai a bakin kaskon, ido a rufe. Na zaci ta tafi, gabana ya faɗi yadda ya faɗi a lopital. Da na taɓa ta sai ta buɗe ido, ko saran hannuna ba ta iya yi ba. Na ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan. Na ce to bari in yi wa alamarki kallon ƙarshe. Na ɗauki ƙwai na juya, na ɗauki wani na juya. Babu, Hajara. Sai ɗan duhu-duhu a jikin ɓawo. Kullum tana juya su da baki tana murza su da ƙirji, ta goge su tas, ni ina nan ina gadin abin da ya daɗe da tafiya.

Sai na kifa ta a hannuna don in duba ƙumar. Farin gashin nan na ƙirjinta duk ya yi baƙi-baƙi, har fatar da ta tsige. Na shafa da yatsa, na duba yatsan. Kwallinki ne.

Na zauna a ƙasa a lungun madafa da kaza a cinya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ki. Ran nan mutane sun yi ta yaba mini haƙuri. Da sun leƙo yau da sun janye yabonsu.

Ƙwan na haƙa rami a gindin lemon tsaminki na binne su, ban kai bola ba. Kaskon na zuba masa toka mai zafi na kife. Ita kuma na tsoma ƙafafunta da cikinta a ruwan randa yadda na ga kina yi in za ki raba kaza da kwanci, amma ban bar ruwan ya kai ƙirjin ba, ki gafarce ni, na kasa. Na ɗaure ta a inuwa. Ta yi ta jan igiya tana neman komawa lungun, tana wannan kukan da ke tsinka mini zuciya. Can da hantsi ta gaji. Na dama dusa da ruwa na sa mata a tafin hannuna, ta daɗe tana kallo, sannan ta ci. Ta ci sosai. Ni ma na ɗumama tuwon Marta na ci, na je har gida na ba ta haƙuri.

Ta ce in kazar ta yi ƙiba za ta ara mini zakaranta, zuwa farkon damina sai ta sake yin ƙwai. Ta ce za ta koya mini zaɓe, amma alama ni zan yi da hannuna. Tandunki yana nan a kan taga inda kika ajiye shi da safen nan, da tsinken a ciki, Larai ba ta gan shi ba. Ɗazu na ɗauko shi na gwada a bayan hannuna, sai na tsaya. Shekara da shekaru kina yin alamar nan a gabana. Zagayen kike fara yi ko ɗigon? Ban taɓa kula ba, Hajara. Wa zan tambaya?

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, ya yafe miki, ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Ki huta. Zan ba kazar ruwa kafin in fita kasuwa.

Ni ne mijinki,
Baban Larai, mai wasa wuƙa a bakin ƙofa.